"Ku rubuta ku ajiye": yadda bakina ya kusa cinye min ɗa

Na daɗe ina ɗaukar waya zan rubuta wannan abu ina fasawa, saboda waɗanda suka san muryata za su gane ni ko ban faɗi suna ba, kuma Zariya duk girmanta in dai maganar wani ce kafin la'asar ta zagaye daga Samaru zuwa Ƙofar Doka. Amma na tambayi yarona da mamansa sun ce in rubuta, shi ma ya ce in dai wani uban zai karanta ya leƙa jakar ɗansa to ba komai.

Ni mai sharhin wasanni ne a rediyo, ƙwallon ƙafa musamman. A Tudun Wada aka haife ni, babanmu Allah ya jiƙansa ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari, mutum ne da in ka ji ƙarar kekensa a ƙofar gida ba sai ka duba agogo ba ka san an kusa kiran magariba. Tire ɗaya muke ci da shi mu maza, kuma a kan tiren nan yake jin komai, wanda ya yi faɗa a makarantar allo, wanda takalminsa ya tsinke, wanda ya fara bin yaran banza. Yana da wata rediyo mai rigar fata da yake ratayewa a ƙusa, a nan na kamu da ciwon. Daren da muka buga da Burazil a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ina ɗan shekara 14, ana cinmu 3 da 1 manyan unguwa suka fara tashi suna tsaki, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya dawo ya ƙara ta zinare a ƙarin lokaci. Wallahi ni ba ƙwallon ce ta tsaya min a rai ba, muryar mai sharhin ce, yadda mutum ɗaya da bakinsa kawai ya tashi unguwa guda tsakar dare. Washegari na samu gwangwanin madara na soke a kara na tsaya bakin filin firamare ina yi wa yara masu buga ƙwallo ba takalmi sharhi, suna min dariya.

Ba zan ja ku da yadda na shiga aikin ba. Daga mai buga waya cikin shiri na koma mai zuwa kyauta ina riƙe wa manya takarda, har wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kaduna ya ɗauke ni. Abin da na fi tunawa shi ne furodusana na farko da ya yi wata uku yana faɗa da Zazzagancina, in ce ƙwallo ya shiga ya cire abin kunne ya ce malam ƙwallo mace ce, TA shiga. Har yau in wasa ya yi zafi sai ta kuɓuce min.

Mutane na ɗauka aikin minti 90 ne. Ina! Yawancin wasannin Turai a sutudiyo muke yinsu, talabijin a gabanka an kashe mata sauti, kai da takardar da ka kwana kana cikawa, wane ne ya ji rauni, wa ke da katin gargaɗi huɗu, yaya ake furta sunan wannan ɗan Jojiya ɗin. Asabar da Lahadi Firimiya da Laliga, Talata da Laraba Zakarun Turai, Alhamis Yuropa, Litinin bitar abin da ya wuce, Juma'a kuma hasashe. Sannan ga na gida, shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofi uku a jere daga 2012 zuwa 2014 kusan a filin wasa na Ƙofar Mata a Kano na tare. Wasan dare ƙarfe 8 ko 9 ake take shi gwargwadon agogon Turawa, kafin a tashi a karɓi kiran masu sauraro 11 ta wuce, kuma ba mai hankalin da zai hau titin Kaduna zuwa Zariya a wannan lokacin a shekarun nan. Sai in kwana a wani ɗaki da muke karo-karo mu uku, da asuba in nufi Kawo in hau mota. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi yadda zuwa da dawowa kullum ya fi ƙarfin albashina, sai kwana biyu ya koma huɗu, wani satin biyar. Na kuma ƙara da bidiyon kai tsaye a Facebook bayan kowane wasa, wai neman na cefane.

'Ya'yana uku. Babban namiji sunan mahaifina gare shi saboda haka Babana nake ce masa, mai bi masa mace mai sunan Hajiyata ita kuma Mamana, sai auta. Lokacin da suke ƙanana abin da sauƙi, ka shigo da ledar biskit da lemo su rugo su ɗafe ka, an yafe maka kwana ukun da ba ka nan. Abin da ban sani ba shi ne yaro in ya kai 14, 15 ba ya rugowa. Sannu da zuwa Abba, ya karɓi jaka ya ajiye ya shige ɗaki. Ni kuma da nake dawowa a gajiye murya a dashe sai na ɗauki shirun nan a matsayin natsuwa, har ina yabon su a wajen abokai wai yarana ba su da hayaniya.

Maman yara ta yi magana, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Malam, yaron nan fa ya fara kai sha ɗaya a gidan kallo. In ce ƙyale shi ƙwallo ce, jinina ne. Malam, kuɗi na ɓata a ɗakin nan. In ce ki dai duba da kyau. Akwai ranar da ta ce min, kai dai ka fi sanin wanda ya ji ciwo a Arsenal a kan wanda ya ji ciwo a gidanka, na yi fushi na kwana biyu ban kira ta ba, alhali ko a lokacin na san ba ƙarya ta yi ba, ɗaci kawai maganar ta yi min.

Shirin Juma'a shi ne ya yi min suna, kuma shi ne ya kusa kashe ni. Ina da wata kalma da nake rufe kowane hasashe da ita, in ce ku rubuta ku ajiye. Yara a Kwangila in sun gan ni ihu suke ku rubuta ku ajiye! Direbobi su ƙi karɓar kuɗina. Ni a raina nishaɗi ne, gardamar majalisa ce aka ɗora a rediyo. Na san akwai masu kira su ce malam ba mu wasa biyar masu tabbas, na kuma san abin da suke nufi, ba zan yi muku ƙarya ba. An taɓa kawo tallar wani kamfanin caca na ce ba zan karanta da bakina ba, aka ba wani ya karanta aka riƙa sa ta gab da shirina, na yi shiru, na ɗauka na wanke hannuna ke nan.

Sai gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024. Wata guda kusan ban kwana Zariya sau biyar ba. Babana yana aji shida na sakandare, lokacin rajistar JAMB ne, na tura wa mamansa kuɗin rajista da na lesin na wata biyu ta ba shi a hannu, da yake namiji ne babba kuma ni na ce a riƙa sakar masa irin waɗannan abubuwan ya koya. Kun tuna yadda ƙasar nan ta haukace. Mun ci masu masaukin baƙi 1 da nema tun a rukuni, ranar Laraba 7 ga Fabrairu muka fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenareti Nwabali ya tare biyu, muryata ta tafi gaba ɗaya sai da na sha zuma da citta. Ranar Juma'a na zauna gaban makirfo na ce jama'a wannan kofin ya riga ya hau jirgi ya nufo Abuja, mun ci su a baya za mu sake cin su, ku rubuta ku ajiye. Har sau uku na maimaita.

Lahadi 11 ga wata ƙarfe 9 na dare aka take wasan ƙarshe tsakaninmu da Kwaddibuwa. Ekong ya sa kai ya ci kafin hutun rabin lokaci, na miƙe tsaye a sutudiyo ina cewa ban faɗa muku ba? Kessie ya farke, Haller ya ƙara saura minti tara, shi ke nan. Na ƙarasa shiri, na sha zagin masu sauraro ina dariyar yaƙe, na yi bidiyona na Facebook ma, sai wajen 12 saura na ciro waya daga aljihun jaka inda nake jefa ta in zan shiga. Kiran maman yara ne jere, na daina ƙirgawa. Da na kira ba ta ko amsa sallama ba ta ce Malam yaron nan bai dawo ba, wayarsa a kashe, an duba gidan kallo an rufe.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan daren ba. Kilomita 80 ne kacal tsakanina da gida amma kamar Makka. Na fita bakin titi na tsaya ko zan samu mota abokan ɗakina suka jawo ni suka ce kar a nemi mutum ɗaya a koma neman biyu. Na zauna a kan tabarma har asuba ina kiran lambar da na san a kashe take, ina ƙoƙarin tuno sunan abokinsa ko ɗaya da zan ce a je gidansu. Ni da zan iya jero maka 'yan wasan benci na Real Madrid da lambar rigarsu, ban san sunan abokin ɗana ko ɗaya ba.

Motar farko na hau a Kawo. Muna wajen Jaji ƙanwata ta kira ta ce an gan shi, a zauren gidanmu na Tudun Wada ya kwana, Hajiya ce ta same shi da ta fito alwala. Na yi hamdala, kuma a take tsoron ya juye ya zama fushi, da na sauka sai da na biya gida tukuna don in ji me ya faru. A nan Mamana ta fito daga ɗaki ba ta ce komai ba ta miƙo min wani littafin rubutu mai shafi 60, irin na makaranta, bangonsa ya yi laushi don shafa.

Kowane shafi kwanan watan Juma'a ne a sama, da rubutunsa mai kyau da ya gado wajen uwarsa, a ƙasa ya rubuta Abba ya ce. Sai jerin wasanni. Abba ya ce Liverpool za ta ci. Abba ya ce Chelsea kunnen doki. Gaban kowanne ya yi maki ko ya ja kuros da jan biro, a gefe kuma adadin kuɗi, daga naira 100, 200, shafukan baya suka koma dubbai. An manna wasu tikitocin shagon caca da salatif, rubutunsu har ya fara gogewa. Littafin ya faro tun fiye da shekara ɗaya. Shafin ƙarshe wasa ɗaya ne kawai a ciki, Abba ya ce Najeriya, ya ja layi uku a ƙarƙashi, kuma kuɗin da ke gefe shi ne ragowar kuɗin JAMB haɗe da kuɗin wayarsa da ashe ya sayar tun ranar Asabar. Shi ya sa take a kashe.

Na tafi Tudun Wada da niyyar in yi masa dukan da ban taɓa yi wa kowa ba. Hajiya na zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi shi kuma yana rakuɓe a bayanta, ƙato da shi ya fi ni tsawo. Na fara zare bel ta ce kai, mayar. Na ce Hajiya caca fa yake yi. Ta ce na ji, za ka bar jaki ka daki taiki ke nan, ubanku da kekensa ya fi ka albashi ne da yake dawowa kullum? Zauna ka tambaye shi. Na zauna a ƙasa. Na ce Babana me ya kai ka? Ya daɗe bai ɗago ba, can ya ce Abba ai kai ka ce a rubuta a ajiye. Na ce ni na ce ka kai kuɗi shago? Ya ce a'a, amma a majalisa kowa cewa yake babanka ya san ƙwallo, ni ma ina so in nuna musu. Sai ya ƙara wata da har yanzu in na tuna sai na ji ta a ƙirji, ya ce ni a rediyo kawai nake jin ka yi doguwar magana.

Ban gama haɗiye wannan ba da daddare Mamana ta ƙara min. Ta ce Abba ka tuna wata da ta kira shirinka watannin baya daga Zariya ta ce ita 'yar Chelsea ce, ka ce Allah ya ba ki haƙuri 'yan mata ka katse? Na ce eh kamar na tuna. Ta ce ni ce, da wayar Umma. Ba ruwanta da Chelsea, ba ta ma son ƙwallo, so take ta ga ko zan gane ta. Ni da nake alfahari ina gane masu kira da sallamarsu kawai, in ce wane daga Rigasa, wane daga Funtuwa tun kafin su faɗi suna.

Daga baya na zauna da Babana ya koya min yadda abin yake, don ni duk shekarun nan sama-sama na san shi. A ƙa'ida sai ɗan shekara 18 amma ba wanda ya taɓa tambayarsa shekaru. Ba wasa ɗaya suke bugawa ba, goma suke haɗawa a tikiti ɗaya da naira 200 saboda ribar da ake nuna musu ta kumbura, kuma dole duka goman su zo daidai. Na ɗauki biro muka yi lissafi tare, na ce a ce ma ni gwani ne ina cin bakwai cikin goma a kowane hasashe, in ka haɗa goma damar su zo duka ba ta kai uku cikin ɗari ba. Ya ce shi abin da ke mayar da shi shi ne kullum wasa ɗaya ne ke yanke masa tikiti, sai ya ga saura ƙiris. Wannan saura ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar, ba wani abu ba. Muka ƙirga jan biron da ke littafin ma, kusan rabin abin da Abba ya ce kuros ne. Haramcin caca kuwa ya san shi sarai, ya haddace ayar Ma'ida tun a Islamiyya, ba wa'azi ne ya rasa ba.

Na ci bashi na sake biyan rajistar kafin a rufe. Sannan na je wajen shugabanmu na ce a cire ni daga wasannin dare na tsakiyar mako, in riƙa yin na Asabar da Lahadi da rana ina komawa gida. Ya kalle ni kamar na zauce, ya ce ka san a nan kuɗin talla yake ko, na ce na sani. Aka rage min alawus sosai. Shirin Juma'a na ci gaba da shi amma na daina faɗin wanda zai ci, masu kira suka yi ta ƙorafi wasu suka ce tsoro na ji tun da Kwaddibuwa ta kunyata ni, na bar su a haka. Abin da ya fi min ciwo, kuma sai na faɗi gaskiya, ba kuɗin ba ne. Wani yaro ne da ni na koya masa riƙe makirfo aka ba wa Zakarun Turai, kuma ya iya, wallahi ya iya, cikin wata biyu aka daina tambayata. Na ɗauka za a yi ta kira ana ina malam wane, ashe mai sauraro ƙwallonsa yake so ba kai ba. Akwai daren Talatar da na kulle kaina a banɗaki da rediyon waya ina saurarensa ina neman kuskurensa kamar wani kishiya.

Don cike gurbin kuɗi na koma ɗaukar muryar talla a gida, ta masu shago da makarantu, in lulluɓa da bargo a ɗaki saboda kar ƙarar babura ta shiga, gumi na zuba, auta na leƙowa yana dariya. Ina kuma yin sanƙira a wasannin makarantu in an gayyace ni. Ba ya kai na da, mun rage abubuwa da yawa, maman yara ta ƙara da sayar da zoɓo da kunun aya kuma ba ta taɓa ce min ai na faɗa maka ba, wanda ni da a ce ni ne da na faɗa sau ɗari.

Kar ku ɗauka da na dawo gida komai ya gyaru. Watannin farko zama muke kamar baƙi a tasha, in yi tambaya a ba ni amsa da kalma ɗaya. Na dawo da cin tire ɗaya irin na babanmu, sati biyu ba mai magana sai ƙarar cokali. Babana bai ci JAMB ɗin shekarar yadda ake so ba, kuma bayan wata huɗu na sake tsintar tikiti a aljihun wandonsa, naira 300. Ranar na fita na zagaya har Gyallesu a ƙafa kafin in dawo in yi masa magana, don na san in na buɗe baki a lokacin ɓarna zan yi. Na kai shi wajen wani mai gyaran waya a PZ yana koyo bayan lesin, kuɗinsa na shiga asusun da ni da shi muke gani tare, shi ya yarda da hakan ba tilasta shi na yi ba. Yanzu na san abokansa huɗu da gidajensu, ɗaya ma ubansa ajinmu ɗaya a firamare. Ba zan rantse muku ya daina har abada ba, ina dai duba aljihu har yanzu in za a yi wanki, shi ma ya san ina dubawa. Mamana kuwa ta fi shi wuya, ita ba ta yi laifin komai ba saboda haka ba ta da dalilin lallaɓa ni, sai da na yi wata da watanni ina raka ta Islamiyya a ƙafa kafin ta fara ba ni labarin ƙawayenta, shi ma rabi-rabi.

Wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2025, PSG da Inter a Munich, shi ne na farko cikin shekaru fiye da goma da na kalla ba makirfo a gabana. Daren Asabar ne, yaron nan da na koya wa riƙe makirfo aka ba wa sharhin. Ba wuta, muka tada ƙaramin janareta na maƙwabci da muka sa wa mai lita biyu, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida har da maman yara da ba ta san ko wace riga ce ta wa ba. Ana shirin take wasa Babana ya juyo ya ce Abba wa kake gani zai ɗauka? Na buɗe baki, na ji kalmar nan ta taho har kan harshena, na ce ban sani ba Babana, mu kalla mu gani. Mamana ta tuntsire da dariya ta ce Umma kin ji, yau Abba bai sani ba. Minti 12 Hakimi ya zura wa Inter ta farko, aka tashi PSG na da 5 Inter na nema. Ni kuwa a zuciyata Inter na ba wa.